Wace Riga Za a Sa wa Tartuf?

Maigida ya yi kwana biyu a ƙauye ya dawo gidansa na birni. Bai ko zauna ba ya tsayar da baranyar gidan, ya ce ta ba shi labarin abin da ya faru a bayansa. Ta ce shekaranjiya uwargida ta wuni da zazzaɓi, ga ciwon kai kamar zai rabe biyu. Ya ce, "Tartuf fa?" Ta ce ai Tartuf garau yake, ya yi ɓulɓul, fuska sai sheƙi. Maigida ya langaɓar da kai: "Allah sarki, bawan Allah!" Ta ce da dare uwargida ko loma ɗaya ba ta iya kaiwa baki ba. "Tartuf fa?" Shi kam a gabanta ya zauna, cikin natsuwa da tsoron Allah, ya lamushe makwarwa biyu da rabin cinyar rago. "Allah sarki, bawan Allah!" Ita ba ta runtsa ba har asuba, shi kuwa daga kan abinci sai gado mai ɗumi, bai motsa ba sai da gari ya waye. Da aka fitar mata da jini irin yadda likitocin wancan zamani ke yi, shi ne ya kwankwaɗi giya kofi huɗu da karin kumallo, wai don ya mayar da jinin da ita ta rasa. Sau huɗu maigida yana tambaya, sau huɗu yana tausaya wa mai ƙoshin lafiya, matarsa kuwa ko sannu.

Wannan ita ce fitowa ta huɗu a kashi na farko na Tartuf, wasan barkwancin da Moliyer ya rubuta, mutumin da Faransawa ke ji da shi har suna yi wa harshensu kirari da "harshen Moliyer". Sunansa na yanka Jean-Baptiste Poquelin, an haife shi a Faris a 1622, ya rasu a 1673. Gidan wasan gwamnatin Faransa, Comédie-Française, da aka kafa a 1680, ya nuna wannan wasa fiye da sau 3,000, babu wani wasa da ya kama ƙafarsa a can.

Abin da maigidan ke maimaitawa da Faransanci kalma uku ce kacal: le pauvre homme. Wanda ya buɗe ƙamus zai tarar pauvre na nufin matalauci, sai ya rubuta "matalaucin mutum", dariyar ta mutu nan take. A Faransanci idan wannan kalma ta zo kafin suna tausayi take nufi, sai in ta biyo bayansa ne take nufin rashin abin hannu. "Allah sarki, bawan Allah" zaɓina ne, kuma na san na ƙara gishiri. "Bawan Allah" a bakin Bahaushe na ɗauke da tausayi, tana kuma ɗauke da shaidar salihanci, abin da kalmomin Faransancin ba su furta ba. Ƙarin ya yi daɗi a kunne, har ina ganin ya fi na asalin cizo. Amma da na faɗe shi, na riga na ɗauko Tartuf daga cocin Faris na shigo da shi unguwarmu. Duk wanda ya taɓa fassara wasan nan ko ya ɗora shi a dandamali ya ci karo da wannan, ko ya so ko bai so ba. Mutum ne mai damfara da addini. To, addinin wa? Rigar wace ƙungiya zai sa?

Labarin kansa ba shi da wuyar bi. Maigidan, Orgon, attajiri ne, mai mata ta biyu matashiya, Elmir, da 'ya'ya biyu daga matarsa ta fari, Damis da Mariyan. A coci ya tsinci Tartuf: kullum sai ya zo ya durƙusa daidai inda Orgon zai gan shi, yana nishi, yana sumbatar ƙasa, in an ba shi sadaka ya ce ta yi yawa, ya raba rabi ga mabarata a gaban mai bayarwa. Har tuba ya taɓa yi don ya kashe ƙuma cikin fushi yana tsakiyar addu'a. Orgon ya kawo shi gida, ya ɗora shi a kan kowa. Ya fasa alkawarin auren 'yarsa don ya ba Tartuf ita, ya kori ɗansa, ya rubuta wa baƙon dukiyarsa kaf, har ya damƙa masa akwatin takardun sirri na wani abokinsa da ya gudu daga hukuma. Shi kuwa Tartuf, Musa a baki Fir'auna a zuci, uwargidan yake nema. Da asiri ya tonu sai ya ce gidan ai nasa ne, a fita, ya kuma kai ƙarar mai gidan wurin sarki.

Mutum na farko da ya fara canza wa Tartuf riga shi ne Moliyer da kansa, kuma dole ce ta sa. An fara nuna wasan ranar 12 ga Mayu 1664 a fadar Versailles, cikin wani shagalin kwanaki da Sarki Luwi na 14 ya shirya. Kashi uku ne a lokacin. Sarki ya ji daɗinsa, amma cikin 'yan kwanaki ya hana a nuna shi ga jama'a. Babban limamin Katolika na Faris, Hardouin de Péréfixe, wanda shi ya koyar da sarki yana yaro, bai yarda da wasan ba. Akwai kuma wata ƙungiyar asiri ta manyan mutane masu kishin addini, Compagnie du Saint-Sacrement, da ta sa shi gaba tun kafin a nuna shi. Wani limamin coci, Pierre Roullé, ya buga ƙasida yana kiran Moliyer shaiɗani a cikin fatar mutum, wanda ya cancanci a ƙone shi. Hujjarsu ba ta banza ba ce, ya kamata a faɗa. Sun ce mai riya da mai ikhlasi kalmomi ɗaya suke furtawa, durƙuso ɗaya suke yi. In ka sa jama'a suna ƙyalƙyala dariya ga kalmomin a bakin na ƙarya, gobe in na gaskiya ya buɗe baki me zai hana a yi masa?

Moliyer ya jira shekara uku. A ranar 5 ga Agusta 1667, sarki yana fagen yaƙi a Flanders, ya sake fito da wasan da sabon suna, ya mayar da Tartuf Panulphe, ya kuma tuɓe masa duk wata alamar mutanen coci. Shi da kansa ya lissafa wa sarki a takardar koke: ƙaramar hula, dogon gashi, babbar kwala, takobi, ga ado ko'ina a riga, wato ɗan gayun birni sak. Bai tsira ba. Washegari shugaban babbar kotun Faris, Lamoignon, ya rufe wasan, bayan 'yan kwanaki babban limami ya ce duk wanda ya yi wasan, ko ya karanta shi, ko ya saurara, a fili ko a ɗaki, za a fitar da shi daga coci. Sai ranar 5 ga Fabrairu 1669, bayan mahaifiyar sarki mai goyon bayan masu kishin addini ta rasu, an kuma sasanta wata doguwar rigima tsakanin malaman Katolika na Faransa da fadar Fafaroma, sannan aka ba da izini. Wannan na kashi biyar shi ne wanda duniya ta sani. Daren farko an tara livre 2,860 a ƙofa, kuɗin da ƙungiyarsa ba ta taɓa samu a dare ɗaya ba. Shekara biyar ana hana abu, ai an gama yi masa talla.

A lura, Tartuf ba limami ba ne, ba shi da wani muƙami a coci. Irin mutanen nan ne da attajiran Faransa na ƙarni na 17 kan ajiye a gida a matsayin jagoran ruhi, ana shawartarsu kan ibada, daga nan a zarce zuwa aure da dukiya. Da yake wannan matsayi babu irinsa daidai a wasu ƙasashe, kowane mai fassara sai ya duba kewayensa ya nemo wanda zai cike gurbin. Wanda yake nemowa kuwa, kusan kullum, ɗan ƙungiyar da ba ya ƙauna ne.

Ingila ta fi ko'ina nuna haka ƙuru-ƙuru. A 1670, shekara ɗaya bayan an sake wasan a Faris, wani ɗan wasa mai suna Matthew Medbourne ya mayar da shi Turanci. Shi ɗan Katolika ne, sai ya sa Tartuf ya zama Furitan, wato 'yan tsattsauran ra'ayin Furotesta da suka rufe gidajen wasa a Ingila a 1642. A 1717 Colley Cibber ya ɗauki labarin ya juya shi baya: shekara biyu ke nan da murƙushe tawayen masu son mayar da gidan sarautar Stuart, sai munafukin ya zama Dakta Wolf, limamin Katolika a ɓoye, mai zuga maigida ya yi wa sarki tawaye. Sarki Joji na 1 ya ji daɗi har ya yi masa kyautar kuɗi. A 1768 Isaac Bickerstaffe ya sake yi wa aikin Cibber kwaskwarima, wannan karon bulalar ta sauka kan masu wa'azin Metodis da ke tashe a lokacin. Cikin shekara ɗari, a birni ɗaya, mutum ɗaya ya zagaye ɗarikun Kirista uku da ba sa ga maciji da juna. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani.

Inda kuwa aka ji tsoron rigar za ta yi kama da ta gida, sai a hana. A Kebek ta Kanada, a 1694, Gwamna Frontenac ya yi shirin a nuna wasan. Bishop Saint-Vallier ya tare shi ya yi masa tayin pistole 100, wato tsabar kuɗin zinariya, in zai fasa. Gwamna ya karɓe kuɗin, aka fasa. Ni wannan labarin ya kusa fin wasan ba ni dariya. A Faransa kanta, a shekarun 1820, lokacin da limaman coci suka dawo da ƙarfinsu bayan faɗuwar Napoliyon, neman a nuna Tartuf ya zama hanyar zanga-zanga. A Rouen a 1825 hana shi ya jawo tarzoma ta kwanaki.

A Masar abin ya ɗauki wata hanya. Muhammad Usman Jalal, ma'aikacin fassara da ya taso a makarantar harsuna ta Rifa'a al-Tahtawi, ya buga nasa a 1873 da sunan Shaihu Matluf. Sunan ma dabara ce: a kunne yana kama da Tartuf, a Larabci kuma yana nufin lalatacce. Jalal bai bar komai a Faris ba. Ya kwaso gidan gaba ɗaya ya dasa shi a Alƙahira, ya ba kowa sunan Masarawa, ya sa suna magana da Larabcin kasuwa maimakon na littafi. Bambancinsa da su Cibber shi ne shi Musulmi ne yana rubuta wa Musulmi, shaihun da ya zana kuma daga cikin gida yake. Ya kuma san yana da madogara, don sukar riya ba baƙon abu ba ne a Musulunci, malamai sun daɗe suna kiranta ƙaramar shirka. Mu ma ba mu rasa irin wannan dariya ta cikin gida ba. Duk wanda ya taso inda ake tashe ya ga yaro da gemun auduga da allo a hannu, ana ce wa Malam ya yi rawa yana rantsuwa bai yi ba, alhali kafaɗarsa na motsi. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan cin zarafin malanta, don kowa ya san masu yin wasan gobe da asuba suna gaban malaminsu.

Wannan tambaya ta wa ke dariya, daga ina kuma yake yin ta, ita ta raba wasu fitattun nune-nune biyu na zamaninmu. A 1995 Ariane Mnouchkine da ƙungiyarta ta Théâtre du Soleil suka kai Tartuf bikin wasanni na Avignon a Faransa. Lokacin Aljeriya na cikin yaƙin basasa, ana kashe marubuta da mawaƙa da 'yan jarida. Ta mayar da gidan Orgon wani gida mai tsakar gida da ƙofar ƙarfe a gaɓar Bahar Rum, Tartuf kuma ya shigo da gemu da baƙaƙen kaya, da zugar mabiya a bayansa. An yaba aikin ƙwarai, ba kuma wanda ke shakkar cewa jimamin 'yan Aljeriya ne ya motsa ta. Duk da haka akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Moliyer ya auna mutanen da ke iya rufe masa gidan wasa, suka kuwa rufe. Ɗan kallo Bafaranshe a 1995 yana iya zama ya yi dariya hankali kwance, don mai gemun da ke dandamali ba ya kama da kowa a danginsa. Wasan da aka rubuta don ya sa mai kallo ya tsargu, ya koma mai tabbatar masa cewa matsalar ta wasu ce.

A 2018 ƙungiyar Royal Shakespeare Company ta nuna wanda Anil Gupta da Richard Pinto suka rubuta, Iqbal Khan ya ba da umarni. Sun sa labarin a unguwar Sparkhill ta Birmingham, cikin iyalin wani ɗan kasuwa Musulmi ɗan asalin Pakistan. A nan kusan kowa a dandamalin Musulmi ne, masu tona asirin ma haka. Baranyar nan mai kaifin baki ta zama 'yar Bosniya mai aikin shara, Musulma ita ma, wadda ta san addininta ba ta kuma jin tsoron gemun kowa. Wannan ya fi kusa da abin da Moliyer ya gina, domin a wasansa akwai Kileyant, surukin Orgon, wanda aikinsa ke nan ya riƙa bambance mai ibadar gaskiya da mai tallar ibada. In ba a bar irin wannan murya a cikin gidan ba, wasan ya zama jifa daga waje.

Sai dai ni a ganina duk wannan rigima kan riga ta sa an manta da wanda ya fi muhimmanci. Tartuf ba ya fitowa dandamali sai a fitowa ta biyu ta kashi na uku. Kusan rabin wasan ya wuce ana maganarsa ba a gan shi ba. Wanda muke kallo tun daga farko shi ne Orgon, kuma da aka raba matsayi a 1669, Moliyer bai ɗauki Tartuf ba, ya bar wa Du Croisy. Orgon ya ɗauka, matarsa Armande ta fito a Elmir. Marubucin da ya fi kowa sanin inda naman wasansa yake ya zaɓi wanda aka damfara.

Kuma damfarar ba wata mai zurfi ba ce. Baranya ta gano shi, ɗa ya gano shi, suruki ya gano shi. Mutum biyu kawai suka ruɗu, maigida da tsohuwarsa. Me ya sa? Orgon mutum ne da girma ya fara kamawa, ga matashiyar mata, ga 'ya'ya sun kawo ƙarfi, gidan na neman fin ƙarfinsa. Tartuf ya ba shi abin da yake nema: hujja daga sama ta juya kowa yadda ya ga dama. Da bakinsa yake alfahari cewa tun da ya haɗu da wannan bawan Allah, ko uwa da mata da 'ya'ya za su mutu a gabansa ba zai damu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dubi kashi na uku, bayan Damis ya laɓe ya ji Tartuf yana neman matar ubansa, ya fito ya faɗa a gaban kowa. Tartuf bai musa ba. Ya durƙusa ya ce haka ne ɗan'uwana, ni mugu ne, mai laifi, ban cancanci komai ba sai kora. Kowace kalma gaskiya ce tsantsa. Orgon ya ji haka ya ce kun ga tawali'u ko? Ya kori ɗansa, ya yi wa baƙo kyautar gida. Ɗan wasan da ya sa Tartuf ya riƙa zare ido yana murmushin mugunta ya ɓata wannan fitowa, don ya mayar da Orgon wawa kawai. Wawa kuwa ba ya tsorata kowa. Mai hankalin da ya ga dama ya rufe idonsa, shi ne abin tsoro a gida.

Sauran wahalar ta harshe ce. Wasan waƙa ne daga farko har ƙarshe, ɗango 1,962, kowanne gaɓa 12 da ɗan numfashi a tsakiya, kowane ɗango biyu da amsa-amonsu, sai a canza. Ba ado ba ne kawai. Mai sauraro ya ji ɗangon farko, kunnensa na jiran abokinsa, Moliyer kuma sai ya ajiye barkwancin daidai kan kalmar da ake jira. Wani lokaci ɗango ɗaya mutum biyu ke raba shi: "Tartuf fa?" ɗin nan guntun ɗango ne, baranya ce ke cike sauran, shi ya sa amsarta ke sauka kamar mari. Turanci ba shi da yalwar amsa-amo kamar Faransanci, don haka masu fassara da yawa suka zube shi zube. Mawaƙin Amurka Richard Wilbur ya ƙi. A fassararsa ta 1963 ya riƙe amsa-amo biyu-biyu, ya dai rage ɗangon zuwa gaɓa 10 yadda kunnen Turanci ya saba. Ra'ayinsa shi ne dogayen jawaban Moliyer in an cire musu kari sai su yi nauyi, su koma surutu. Har yau tasa ce aka fi ɗorawa a dandamalin Amurka. Christopher Hampton a 1983 ya bi ta ɗaya hanyar, ya yar da amsa-amon don maganar ta fito kamar ta mutane. Liz Lochhead kuma ta zuba shi cikin harshen mutanen Sikotland, da amsa-amonsa, aka nuna a Edinburgh a 1986.

Jalal ya yi sa'a a nan. Karin rajazu na Larabci, mustaf'ilun sau uku, gaɓa 12 ne cif, kuma an saba yin sa da amsa-amo mai canzawa biyu-biyu, kamar yadda duk wanda ya haddace Alfiyyar Ibn Malik a zaure ya sani. Da shi ya yi amfani. Bahaushen da zai gwada fa? Rubutacciyar waƙarmu ta fi sabawa da babban amsa-amo guda da ke bin waƙa tun daga farko har tammat. Ka ja baiti kusan dubu da "wa" ko "ra" a ƙarshe, mutane na faɗa kan aure da gado, kafin kashi na biyu kowa ya yi barci. Ga shi kuma kunnen Bahaushe in ya ji magana mai kari a kan tsoron Allah, wa'azi yake ji, wasan kwaikwayonmu kuwa da zube ya saba. Da ni ne, da sai in mayar da wannan cikas riba: kowa a gidan ya yi maganarsa ta yau da kullum, Tartuf kaɗai ke rera baitoci, Orgon kuma ya riƙa kwaikwayonsa yana karya karin.

Akwai wata kalma da ta fi kari wuya. Mutanen cikin wasannin Moliyer galibi ba sa ambaton sunan Ubangiji kai tsaye a dandamali, le Ciel suke cewa, wato sama. Ladabi ne na zamanin, kuma garkuwa ce ga marubucin. Turanci na da kwatankwacinta. Hausa ba ta da ita. Ba mai cewa "sama ta hana" a fahimce shi. Dole ka ce Allah, da ka faɗa kuwa zafin maganar ya ninka. Sa'an nan ambaton Allah a bakinmu ba ya nuna komai game da mutum, mai sayar da goro da direban tasha duk da shi suke buɗe magana su rufe. Abin da ya sa Tartuf ya fita daban a Faransanci, a Hausa kowa na yi. Mai fassara sai ya nemo alamar a wani wuri: yawan Larabcin da ba a tambaye shi ba, jan carbi sai an shigo, sunkuyar da kai mai leƙe ta gefen ido. Moliyer ma haka ya gabatar da shi. Yana shigowa ya hangi baranya, sai ya ɗaga murya yana ce wa yaronsa ya adana masa rigar gashi da bulalar da yake horon kansa da su, sa'an nan ya zaro hankici ya miƙa mata ta rufe ƙirjinta. Ita kuwa ta ce masa lallai jarabarsa a kusa take.

Inda wannan matsala ta fi tsanani shi ne fitowar teburi a kashi na huɗu. Elmir ta gaji da musu, ta ce wa mijinta gani ya kori ji, shiga ƙarƙashin teburi ka saurara. Ta kira Tartuf ta nuna kamar ta sauko. Da ta kawo maganar tsoron Allah, sai ya shiga yi mata fatawa: akwai ilimin da ke sassauta hani gwargwadon bukata, kyakkyawar niyya na wanke mummunan aiki, zunubin da ba wanda ya ji ba zunubi ba ne. Masu kallo na 1669 sun gane inda aka dosa, don shekara goma sha biyu kafin nan marubucin nan Bafaranshe Pascal ya yi wa malaman ƙungiyar Jesuit ta Katolika tsirara kan irin wannan walankeluwa. Moliyer ya san wutar da yake wasa da ita, har a bugaggen littafin ya sa 'yar sanarwa a daidai wurin cewa mugu ne ke magana. A takarda ana iya sa wannan. A dandamali babu gefen shafi. Elmir tana ta tari don mijin ya fito, Tartuf na yi mata tayin maganin tari, Orgon shiru. Bai motsa ba ana neman matarsa. Sai da Tartuf ya ce ai mijin nan nata mutum ne da ake ja da hanci, sannan ya fito. Mai ba da umarnin da ya gane wannan jinkiri ya gane wasan.

Ƙarshen kuma kowa da yadda yake fama da shi. Tartuf ya zo da jami'in sarki a kama Orgon, sai jami'in ya juya ya kama Tartuf, ya yi dogon jawabi cewa muna ƙarƙashin sarki maƙiyin yaudara, mai ganin abin da ke cikin zukata. Sarki ya soke kyautar gidan, ya yafe maganar akwati saboda biyayyar da Orgon ya yi lokacin tawayen da aka yi a ƙuruciyar sarkin. Ba wanda ya ceci gidan daga cikinsa. Da doka za a bi, Tartuf ya ci. Ga mutumin da ya shekara biyar yana jiran sa hannun Luwi, wannan godiya ce da fadanci a haɗe. Ga mai nuna wasan a ƙasar da ba sarki, ko inda ba mai yarda hukuma na ganin zukata, ƙashi ne a wuya. Wasu kan yi jawabin da gatse. Roger Planchon, a nunin da ya yi a 1973, ya sa jami'an suka faɗo gidan kamar 'yan sandan farin kaya, har iyalin da aka ceta suka fi kowa firgita: an raba su da ƙaramin mai iko da su, babban ya nuna musu yana jin duk abin da ake faɗa a ɗakinsu.

Rubutun 1664 mai kashi uku ya ɓata, masana kuma sun daɗe suna gardama ko cikakken wasa ne ko somin-taɓi. Masanin Moliyer, Georges Forestier, ya kasance cikin masu cewa cikakke ne, ya kuma zauna ya sake gina shi daga na 1669, ya cire labarin auren Mariyan, ya cire kashi na biyar da jami'in sarki. Wannan ne Comédie-Française ta buɗe da shi ranar 15 ga Janairu 2022, cikar Moliyer shekara 400 da haihuwa, Ivo van Hove ya ba da umarni, Denis Podalydès ya fito a Orgon. Tartuf ɗinsu, Christophe Montenez, saurayi ne kyakkyawa, ba gemu ba carbi, ba alamar wata ɗarika a jikinsa. Kafin a furta kalma ɗaya, an nuno shi yashe cikin tsummoki kamar mai kwanan titi. Mutanen gidan suka ɗauko shi, suka tuɓe shi, suka yi masa wanka a gaban 'yan kallo, sa'an nan da hannunsu suka sa masa farar riga da kwat.